Wa Ke Ciyar da Ƙudan Zuman Madarunfa?

Sharhin namu na yau daga Madarunfa yake, kudu da birnin Maraɗi, dab da iyakar Najeriya.

Duk mai garkar da ya taɓa noman kankana a fadamar Gulbin Maraɗi ya san wani irin baƙin ciki. Yaɗo ya yi kyau, ganye shar, an ba da ruwa, an zuba taki, fure ya fito rututu, amma 'ya'ya sai ɗaiɗai. Waɗanda suka kama ɗin ma wasu a karkace suke, gefe guda ya cika, gefe guda ya motse. Mai garka sai ya ɗora laifin a kan iri, ko a kan wanda ya sayar masa da taki, wani ma ya ce bakin mutane ne. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya. Ɗan ƙwadago ne bai zo aiki ba, kuma ɗan ƙwadagon nan shi ne ƙudan zuma.

Kankana fure iri biyu gare ta a yaɗo guda, namiji da mace. Wanda ya duƙa ya duba zai gane macen, domin a ƙarƙashinta akwai ɗan kumburi, wato 'yar kankanar da ke jiran ta kama. Furen nan safiya ɗaya tak yake buɗewa. Rana na karkatawa ya rufe, ba kuma zai sake buɗewa ba. A cikin 'yan sa'o'in nan dole wani ya kwaso garin furen namiji, garin nan rawaya mai danƙo wanda iska ba ta iya ɗauka, ya kai wa macen. Masana aikin gona sun auna, sun ga fure guda na bukatar ƙudan zuma ya sauka a kansa aƙalla sau 8, ya zube ƙwayoyin gari wajen 1,000, kafin a samu kankana cikakkiya mai kyan siffa. Haka kabewa take, haka guna, haka kokwamba. Duma kuwa, wanda ake fafe ƙwarya da shi, farin furensa da almuru yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke yi masa aikin. Mangwaro galibi ƙudaje ke yi masa. Mai noman irin albasa shi ma in babu ƙwari a kan furensa, ya yi aikin banza.

Me ya sa wannan magana ba ta cika damun mutanenmu ba? Saboda gero da dawa da masara iska ce ke yi musu barbara, ba ruwansu da ƙwaro. Al'ummar da cikinta ya dogara ga gero tana iya shekara ɗari ba ta tambayi lafiyar zuma ba. Sai dai Madarunfar yau ba ta gero kaɗai ba ce. Kuɗin mutane ya koma garka, ya koma riɗi, ya koma kayan miya da kayan marmari. A shekarar 2016 kwamitin masana halittu na duniya, IPBES, ya bayyana cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na manyan amfanin gonar da ɗan Adam ke ci suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Kusa da mu ma, a Burkina Faso, wani binciken da aka buga a 2017 ya kwatanta furannin da zuma ta ziyarta da waɗanda aka rufe aka hana ta. Auduga ta ƙaru da kashi 62 cikin ɗari, riɗi kuwa ya ninka sau uku. Manomin riɗi a Gabi ko Ɗan Isa ya tsaya ya yi wannan lissafin da tiyarsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kankana wata ɗaya ko biyu take fure, riɗi ma haka. Ƙudan zuma kuwa wata goma sha biyu yake cin abinci. Sauran watannin wa ke ciyar da shi? Daji ne, wato itatuwan ƙasar nan da ciyayinta, waɗanda kowanne da lokacin da yake fure. Magarya na fidda 'yan ƙananan furanninta wajen ƙarshen damina, kalgo da bagaruwa su ma a tsakanin damina da kaka. Da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, sai gawo ya karɓa. Shi dama sha'aninsa daban ne: da damina yake zubar da ganye, da kaka ya tofo, ya yi furen nan fari-fari mai ƙamshi daidai lokacin da komai ke bushewa. Sabara na jan nata furen cikin rani. Danya da ɗorawa su fito wajen Fabrairu da Maris, kuka ta biyo baya da bazara. In aka cire biyu ko uku daga wannan jeri, sai a samu watannin da babu abin lasa, taron zuma ya tashi ya bar amya, ya nufi inda zai rayu.

Jihar Maraɗi ta san zafin rashin itace fiye da kowa. Bayan farin shekarun 1970, gonaki sun zama fili fetal, iska na binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu sau uku kafin ta tsaya. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwan waje, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin ƙungiyar SIM ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a kan hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Ya ƙura ido ga wani ɗan kurmin ganye a bakin hanya, ya lura ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: maimakon a sassabe tohon duka a ƙone, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a raine su. Abin da manoma suka laƙaba wa suna sassaben zamani ke nan. Da farko dariya aka yi masa. Lokacin yunwar 1984, wadda mutane ke kira El Buhari, an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona a ƙauyuka kusan 100. Da abincin ya ƙare, mafi yawan manoma suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga gero bai ragu ba, ga itacen girki, ga abincin dabba, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan Maraɗi.

Bayan shekara 20, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasa Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi. Sun ƙiyasta cewa manoman Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Doka ma ta biyo baya. A da itacen gonar mutum tamkar na hukuma ne, in ya taɓa shi ma'aikatan gandun daji su ci shi tara, shi ya sa da yawa suka gwammace su tumɓuke toho tun yana ƙarami. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar itacen da ya raina.

Wannan abin alfahari ne, babu mai musu. Sai dai an daɗe ana ƙirga itatuwa ba a tambayar iri nawa ne. Sassaben zamani abin da ke ƙarƙashin ƙasa kawai yake tayarwa. Sabara da kalgo da geza masu taurin rai ne, ko an sare su sau goma za su tofo, gawo kuma awaki na yaɗa irinsa a kashinsu. Su ne suka cika gonaki. Amma itacen da kututturensa ya riga ya mutu fa? Mutum ya zaga karkarar Safo ko Sarkin Yamma ya ƙirga ɗorawa, ya ƙirga ɗinya da kanya da ƙirya da tsamiya. Zai tarar da tsofaffi, wasu sun girmi kakan mai gonar, amma 'yan ƙanana sai an tona. Irinsu mutane sun kwashe, wanda ya tsiro akuya ta cinye, wanda ya tsere wa akuya garma ta tumɓuke. Irin waɗannan sai an shuka su da hannu, an kange su, an yi musu ban-ruwa a ranin farko. Wurin da ya fi dacewa da wannan raino kuwa shi ne inda ruwa da shinge da idon mai shi suke, wato garka da tsakar gida.

A tsaya a kan ɗorawa kaɗan, domin ita kaɗai makaranta ce. Furenta jan dunƙule ne, yana reto a ƙarshen dogon tsinke. Da magariba yake buɗewa, ya fara tsattsafo da ruwa mai zaƙi har ya ɗiga ƙasa. Da dare jemagu su zo su maƙale, su lashe, gashin ƙirjinsu ya kwashi garin fure su kai wata bishiyar. Da asuba ƙudan zuma su iso su kwashe saura, ana jin gunjinsu tun daga nesa. Kuka ma haka take: babban farin furenta da ke kallon ƙasa dare ɗaya yake yi, kashegari ya yi yaushi, kuma jemage ne babban baƙonsa. Saboda haka yaron da ke harbin jemage da danƙo, daddawar gidansu yake ragewa bai sani ba. Akwai kuma matsalar da ta fi ta yaro. Yawancin kukokin da ke kusa da gari ana sassaƙe rassansu duk shekara don ganyen miya, har ba sa samun damar yin fure. Miyar kuka dole ce, amma in unguwa na da kuka biyar, barin ɗaya ta yi fure ta yi 'ya'ya ba zai hana kowa tuwo ba.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: danya da kanya da goriba da giginya, kowannensu akwai bishiya namiji, akwai mace. Namijin ba ya 'ya'ya, don haka shi ne gatari ke fara ci, a ce ai wannan juya ce. Ranar da aka ƙarar da mazan yanki, matan ma sai su daina haihuwa, a koma ana cewa zamani ne ya lalace.

Madarunfa ta yi sa'ar da wasu gundumomi ba su yi ba. Ruwan sama a nan kan kai milimita 500 zuwa 600 a shekara, ga gulbi, ga tabki. Tabkin Madarunfa da gandun dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, kuma a 2019 tabkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Ga kuma dajin Babban Rafi, mafi girma a jihar. Shi ya sa yankin ya yi suna wajen zuma. Masu sana'ar kan saƙa amya da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su turara ta da abubuwa masu ƙamshi, su ɗaure a reshen itace. Sai dai abubuwa biyu sun matse su. Na farko tsohuwar al'adar ɗibar zuma da wuta tsirara, wadda kan ƙone taron gaba ɗaya, wani lokaci har da dajin. Amyar katako irin ta Kenya, mai sanduna jere a sama, tana ba mutum damar ya sa hayaƙi kaɗan, ya zaro saƙar da ta nuna, ya bar mai 'ya'ya. Na biyu ya fi ƙarfin mai zuma. 'Yan shekarun nan 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane sun sa shiga dazuzzukan bakin iyaka ya zama kasada. Mai amya a tsakiyar daji yanzu sai ya yi tunani biyu kafin ya fita da dare. In zuwa daji ya gagara, abin da ya rage shi ne a jawo itatuwan dajin kusa da gida.

Sai dai gidan ma yana da nasa haɗari. A dubi Jiratawa, inda aka shimfiɗa filin noman rani na sama da hekta 500 tun farkon shekarun 1980. Zogalen Jiratawa ya kai har kasuwannin Yamai, ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ga ƙudan zuma, gonar zogalen ganye ba ta da bambanci da fili, domin ana tsinke shi a kai a kai kafin ya yi fure. Shi ma zogalen asalinsa daga Indiya yake, kamar dogon yaro, itacen turare kuma daga Ostireliya. Wannan ba zagi ba ne. Zuma na son furen zogale in an bar masa, tana kuma sauka a kan dogon yaro, 'ya'yan dogon yaron ma magani ne na ƙwari. Abin da ba daidai ba shi ne gari guda ya dogara ga baƙo ɗaya. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta kama dogon yaro a Nijar da arewacin Najeriya, ganye na zubewa, rassa na bushewa, hankalin mutane ya tashi, domin a garuruwa da yawa shi kaɗai ne inuwar.

Sannan ga feshi. A kasuwannin bakin iyaka ana sayar da magungunan ƙwari iri-iri, da yawa ba su da amincewar kwamitin ƙasashen Sahel da ke tantance su, wasu ma a kwalbar da ba ta da takarda ake ɗura su. Mai garka ya goya famfo da hantsi, daidai lokacin da fure ke buɗe, zuma na tsakiyar aiki, ya feshe tsutsa da mai taimakonsa baki ɗaya. Ba wanda zai ce wa mai tumatir ya zuba ido tsutsa ta cinye masa jari. Amma jinkirta feshi zuwa bayan la'asar sakaliya, lokacin da zuma ta koma gida, da kauce wa feshin shuka tana tsakiyar fure, ba sa cin ko dala.

Wanda ke shakkar cewa ƙwaro na iya zama abokin manomi, ya tambayi waɗanda suka sha fama da murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniyar gero tana yi mata zane a murɗe. Masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Tarna da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun yi shekaru suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. A 'yan ƙananan buhunan algarara ake kai shi ƙauyuka, a rataye a gefen gonaki, ya fito ya bazu. 'Ya'yansa tsutsa suke ci, shi kuwa babban ruwan fure yake sha, kamar sauran danginsa. Rina ma da ake ƙone wa gida a rumfa, tsutsotsin garka take kai wa 'ya'yanta. Galla, 'yar ƙaramar zumar nan marar harbi, a kogon tsohon itace take zama. Baƙin ƙwaron nan mai gunji da ke huda itacen rumfa kuwa gwani ne a kan furen wake da gauta. Dukansu fure suke nema da wurin fakewa.

To, yaya garkar da ta san da zamansu take? Ba wata baƙuwar garka ba ce. Shingenta na raye ne, magarya da bagaruwa da dakwara a jere, suna tare akuya, suna fure, suna ba da 'ya'ya da bagaruwar jima da ƙaro. A kusurwa an bar sabara ko kalgo sun girma, yaɗiya ta hau shinge. A kan kunya an ƙyale gasaya da lalo da rama da yakuwa sun kai ga fure, ba a tsinke su duka ba, an kuma ware layin zogale guda don iri. Gefen rijiya akwai tsohon kasko da ruwa, an jefa tsakuwa da 'yan karare a ciki don zuma ta samu wurin sauka. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: a zafin Afrilu zuma da ruwa take sanyaya amyarta, shi ya sa take damun mata a bakin famfo. Mai son kuɗi da wuri kuma yana iya yi wa magaryar shingensa aure da irin nan mai manyan 'ya'ya da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa, wanda ake kira tuffar Sahel. Saiwar ta gida ce, ta saba da farinmu, 'ya'yan kuwa na kasuwa ne.

Saura hukumomi. Kowace ranar 3 ga Agusta Nijar na bikin samun 'yancin kai da dashen itace, a raba dashe a makarantu da ma'aikatu da bakin hanya. In aka leƙa wuraren renon dashe, baƙin itatuwa ne suka fi yawa, saboda suna saurin tashi kuma irinsu na da sauƙin samu. Hukumomin gundumar Madarunfa da shugabannin makarantu su ne masu sayen dashen nan, kuma mai reno abin da aka yi oda yake shukawa. In suka ce rabin abin da za su saya ya zama ɗorawa da tsamiya da ɗinya da kanya da kuka, za a samar. Amma ba a watan Yuli ake wannan magana ba, tun cikin rani ake cika leda da ƙasa. Irin gawo da na bagaruwa ɓawonsu na da tauri, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare su kafin su tsiro. Ita kuwa ɗorawa, 'ya'yanta wajen Afrilu da Mayu suke nuna, kuma kalwar kusan duk tukunyar daddawa take tafiya. Wadda aka dafa ba ta tsirowa, don haka sai an je wurin mata masu sana'ar tun kafin su ɗora tukunya, a sayi tiya guda a ware. Dubban iri ne a ciki. Wanda ya shuka kuma ya shirya jira, domin ɗorawa takan kwashe shekara 5 zuwa 10 kafin ta yi furen farko.